Kurma a Wurin Aiki: Wa Zai Biya Tafinta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A cikin 'yan'uwanmu mazauna Libreville akwai waɗanda Allah Ya jarrabe su da rashin ji, amma bai hana su ƙarfi da basira da sana'ar hannu ba. Akwai tela, akwai kafinta, akwai makaniki, akwai mai ɗinkin takalma a kewayen kasuwar Mont-Bouët. Muddin aikin na hannu ne, ba a iya bambance su da kowa. Matsala tana tasowa ne a ranar da aiki ya koma magana: ranar ganawa da mai ɗaukar ma'aikata, ranar sa hannu a kwantiragi, ranar da aka tara leburori domin a bayyana musu haɗarin wata sabuwar na'ura, ko ranar da aka yanke wa mutum albashi yana neman bahasi. A irin waɗannan ranaku kurma yana bukatar tafinta wanda ya iya maganar hannu. Shi kuwa tafinta mutum ne mai iyali, ba zai bar nasa neman abincin ya yini yana yi wa wani fassara a kyauta ba. To, wa zai biya shi?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san cewa maganar hannu harshe ce cikakkiya mai ƙa'idojinta, kuma ba iri ɗaya ba ce a duniya. Ƙungiyar Kurame ta Duniya tana cewa irin waɗannan harsuna sun haura 300. A ƙasar Hausa kurame suna da tasu tun kaka da kakanni, har ma akwai sarautar Sarkin Bebaye. Wata Bajamushiya mai bincike, Constanze Schmaling, ta yi nazarin maganar hannu ta Kano, ta buga littafi a kanta a shekarar 2000. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na yawancin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci kuwa, asalinta daga Amurka ne, ta hannun Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan mishan, wanda ya buɗe makarantarsa ta farko a Gana a 1957, ya ci gaba da buɗe wasu a ƙasashe daban-daban har rasuwarsa a 1987. A nan Libreville makarantar yara kurame ita ce ENEDA da ke Nzeng-Ayong. Ke nan kurman da ya taso a Kano ko Maradi bai shiga makaranta ba, da wuya ya fahimci duk abin da tafintan da ya koyi maganar makaranta yake nuna masa. Duk mai son taimako sai ya fara tambayar kurman wace irin magana ya iya.

A ɓangaren doka, Gabon ba ta da uzuri. Ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a shekarar 2007, tana cikin ƙasashen farko da suka yi haka. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci ƙwararrun tafintocin maganar hannu ƙarara, sashe na 27 kuma ya ɗora wa gwamnatoci nauyin tabbatar da cewa an yi wa naƙasasshe gyaran da ya dace a wurin aikinsa. Sai dai doka a takarda ba ta biyan kuɗin tasi. Ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni sun yi hakan ne saboda sun tanadi asusu. A Faransa, dokar 1987 ta wajabta wa duk kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye ya ba naƙasassu kashi 6 cikin 100 na gurabensa. Wanda bai cika ba sai ya biya kuɗi, waɗanda hukumar AGEFIPH ke amfani da su wajen tallafi, har da kuɗin tafinta. A Birtaniya shirin gwamnati mai suna Access to Work, wanda aka fara a 1994, shi ke biyan tafinta ga kurma mai aiki. A Nijeriya kuwa, dokar da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati.

Hikimar tsarin Faransa da Birtaniya ita ce ba a bar nauyin a kan mai shago ɗaya ba. Idan aka ce duk wanda ya ɗauki kurma shi kaɗai zai biya tafinta, to ƙaramin ɗan kasuwa zai guje shi tun daga ƙofa. Idan kuwa asusun jama'a ne ke biya, tsoron ya kau.

Mu Musulmi wannan ba baƙon al'amari ba ne a gare mu. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tabbatar da cewa isharar bebe, idan ana fahimtarta, tana tsayawa a matsayin furuci a ciniki da aure da saki. Shari'a ta ɗauke shi cikakken mutum mai ƙulla alkawari da kansa. Farkon Suratu Abasa kuma ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya ƙara masa yarda, makaho wanda ya zo neman ilimi, daga baya ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Darasin a fili yake: ba a kau da kai daga mai lalura idan ya zo da bukatarsa.

Abin da aka saba yi a gidajenmu shi ne a tura yaro ya yi wa mahaifinsa fassara. Wannan yana da illa. Yaro ɗan shekara 12 bai san kalmomin kwantiragi ko na hukumar CNSS ba, kuma bai kamata ya tsaya yana jin ana yi wa ubansa faɗa a gaban mutane ba. Tafinta na gaskiya ɗan amana ne: ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya fitar da sirri.

Saboda haka ga abin da za mu iya da hannunmu. Idan gidaje 200 suka riƙa ajiye sefa 1,000 kowane wata, an sami sefa 200,000. Wannan ya isa a biya tafinta kuɗin awanni da na mota a ranakun da aka fi bukatarsa, a kuma ɗauki nauyin matasa biyu, namiji da mace, su koyi maganar hannu sosai, domin mata kurame su sami wadda za su sake da ita. Masu hali suna iya mai da hayar shago ɗaya wakafi ga wannan asusu. Batun ko zakka tana shiga ciki, wannan na malamanmu ne su yi mana bayani. A kwamitin da zai riƙe kuɗin kuma, lalle a sa kurame su kansu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an sami tafintan, kada a manta da huɗubar Juma'a, wadda wasu 'yan'uwanmu suka shekara da shekaru suna halarta ba su taɓa sanin abin da liman ya faɗa ba.

Ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar harsunan maganar hannu ta duniya, tun daga 2018. Zai yi kyau kafin ta zagayo mu kasance mun buɗe wannan asusu. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin 'yan'uwanmu, Ya sanya albarka a cikin nemanmu, amin.