Kula da ciwon sukari a lokacin murmurewa daga cutar bairos

Kula da ciwon sukari a lokacin murmurewa daga cutar bairos shi ne jerin matakan da mai ciwon sukari da masu jinyarsa ke ɗauka domin daidaita sukarin jini yayin da yake fama da mura, korona, ko amai da gudawa da ƙwayar bairos ta haddasa, da kuma kwanakin da ke biyo bayan samun sauƙi. Irin waɗannan cututtuka kan wuce da kansu ga mafi yawan mutane, amma ga mai ciwon sukari suna zuwa da haɗari biyu: hauhawar sukari a tsakiyar ciwon, da faɗuwarsa ƙasa sosai idan jiki ya fara dawowa daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ciwon sukari sun kai miliyan 830 a shekarar 2022.

Dalilin hauhawar sukari

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jikin yakan saki sinadarai irin su kotisol da adirenalin domin yaƙi da ita. Sinadaran suna sa hanta ta zuba ƙarin sukari cikin jini, kuma suna rage ƙarfin aikin insulin. Shi ya sa sukarin majinyaci kan hau ko da bai ci komai ba. Idan sukari ya yi yawa, fitsari na ƙaruwa. Idan kuma aka haɗa da zazzaɓi ko gudawa, ruwan jiki na ƙarewa da sauri.

Wannan na iya kaiwa ga matsaloli biyu masu kisa. Ta farko ita ce taruwar sinadarin kiton a jini, wanda ke faruwa idan insulin ya yi ƙaranci har jiki ya koma ƙona kitse. Ta fi samun masu nau'i na 1. Ta biyu ita ce tsananin hauhawar sukari tare da bushewar jiki, wadda ta fi samun tsofaffi masu nau'i na 2, kuma takan jawo ruɗewa da doguwar suma.

Ƙa'idojin kwanakin jinya

Kuskuren da aka fi yi shi ne daina allurar insulin saboda majinyaci ba ya cin abinci. Likitoci na gargaɗin kada a daina ta, domin a lokacin ciwo jiki yakan buƙaci ƙari ne. Sauran ƙa'idojin sun haɗa da:

- Gwada sukari duk bayan awa 3 zuwa 4, har da dare, a rubuta sakamakon.
- Gwada kiton a fitsari idan sukari ya haura 240 mg/dL, wato kimanin 13 mmol/L.
- Shan ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko da ana amai.
- Idan tuwo ya ƙi shiga, a sha koko ko kunun gero marar sukari sau da yawa a rana, kada a bar ciki ba komai.

Idan sukari ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ana ba majinyaci kimanin giram 15 na sukari, kamar babban cokali ɗaya a cikin ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, sai a garzaya da shi asibiti.

Magunguna

Ana dakatar da metformin na ɗan lokaci idan amai ko gudawa suka busar da jiki, domin ƙoda ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata a wannan hali. Haka ake yi da empagliflozin da dapagliflozin, waɗanda ke iya tara kiton ko da sukari bai hau sosai ba. Glibenclamide kuwa yana iya kayar da sukari idan ba a cin abinci. Duk waɗannan sauye-sauye ana yin su ne bisa shawarar likita, kuma an fi so a tsara su tun kafin ciwo ya zo.

Magungunan da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba su ma suna da tasiri. Yawancin maganin tari na ruwa na ɗauke da sukari. Ibuprofen da diclofenac na iya cutar da ƙoda idan jiki ya bushe, don haka an fi amfani da farasitamol wajen sauke zazzaɓi. Dexamethasone da prednisolone suna ɗaga sukari ƙwarai. A watan Yunin 2020 wani bincike mai suna RECOVERY da aka yi a Birtaniya ya nuna cewa dexamethasone na rage mutuwar masu korona da ke buƙatar iskar oksijin, amma ba shi da amfani ga masu ciwo marar tsanani. Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya, kamar amoxicillin, ba sa kashe bairos.

Lokacin murmurewa

Da zarar zazzaɓi ya sauka, jiki yakan koma karɓar insulin kamar da. Idan an ƙara yawan allura a lokacin ciwo aka ci gaba da ita a haka, sukari na iya faɗuwa, musamman cikin dare. Haka ma idan aka gama shan dexamethasone ko prednisolone. Saboda haka ana rage ƙarin da aka yi sannu a hankali, ana ci gaba da yawan gwaji na wasu kwanaki. Magungunan da aka dakatar ana komawa kansu ne bayan mutum ya yi awa 24 zuwa 48 yana ci da sha yadda ya saba. Aikin ƙarfi, kamar noma ko doguwar tafiya a rana, ana fara shi da kaɗan.

A Gwaram da Birnin Kudu

A ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu da ke kudancin Jihar Jigawa, yanayi na ƙara wa lamarin nauyi. Mura ta fi yawa da hunturu, a bazara kuma zafi kan kai digiri 40, abin da ke saurin busar da majinyaci. Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka buɗe yana yin kusan kwana 28 idan zafi bai wuce digiri 30 ba. Inda babu firji, ana sa kwalbar cikin leda ko mazubi mai murfi a ajiye a randa ko tulun ƙasa mai ruwa, a inuwa.

Ba kowane zazzaɓi ne na bairos ba. Zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare a yankin, musamman da damina, don haka ana buƙatar gwajin jini. Shi kansa wannan zazzaɓi idan ya yi tsanani, da kuma maganin kwinin, suna iya kayar da sukari.

Idan ciwon ya zo cikin watan Ramadan, ƙa'idojin Tarayyar Ciwon Sukari ta Duniya sun ce a karya azumi idan sukari ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, ko ya haura 300 mg/dL, ko alamun bushewar jiki suka bayyana. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen ramawa daga baya.

Alamomin garzayawa asibiti

Ana kai majinyaci asibiti nan take idan yana amai har ruwa ba ya zama a cikinsa, ko numfashinsa ya yi sauri da zurfi, ko yana ciwon ciki mai tsanani, ko ya ruɗe ko barci ya rinjaye shi, ko kiton ya yi yawa a fitsari, ko sukari ya ƙi sauka duk da an yi allura. Masu tsananin ciwo daga yankin ana tura su Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, wanda aka fi sani da FMC, ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse. Ga mazauna ƙauyukan da ke nesa da titi, ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a kama hanya tun alamar farko, a tafi da magungunan majinyacin da takardar da aka rubuta sakamakon gwaje-gwajensa.