Rai a Cikin Ƙwayar Masara: Da Me Ake Gane Abu Mai Rai?

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya a ƙarshen watan Afrilu, da zarar ya wuce Kawo ya shiga Rigachikun, zai tarar da manoma suna sharar gona, suna jiran ruwan shuka. Kafin ruwan ya sauka, akwai abin da kowane manomi zai so ya tabbatar: shin irin masarar da ya ajiye tun kakar bara yana nan da ransa, ko kuwa ya mutu? In ya shuka mataccen iri, ya yi asarar kuɗin huɗa da wahalar shuka, kuma kafin ya ankara damina ta yi nisa. Wannan tambaya ta manomi ita ce tushen kimiyyar halittu, wato bayoloji: da me ake rarrabe mai rai da maras rai?

Siffofi Bakwai

Masana sun lura da wasu siffofi guda bakwai waɗanda masu rai suka yi tarayya a kansu.

1. Cin abinci. Akuya tana cin ciyawa, ita kuwa masara haɗa nata abincin take yi a ganyenta daga ruwa da iskar kabon dayoksaid, da taimakon hasken rana.

2. Numfashi. A kimiyyance, abin da ake nufi shi ne sarrafa abinci a cikin jiki domin samun ƙarfi. Yawancin halittu da iskar oksijin suke yin wannan aiki, kuma tsirrai ma suna yin sa dare da rana.

3. Motsi. Dabba takan tashi daga wuri zuwa wuri, tsiro kuwa sassansa ne ke motsawa a hankali, kamar yadda saiwa ke nutsawa ƙasa.

4. Jin sauyi da mayar da martani. Ganyen gyaɗa da na tsamiya sukan naɗe idan dare ya yi, su buɗe da safe.

5. Girma. Mai rai daga ciki yake girma, yana mayar da abinci ya zama jikinsa.

6. Fitar da abin da jiki ba ya bukata, kamar fitsari da gumi da iskar da muke fesarwa.

7. Hayayyafa. Kaza tana ƙyanƙyashe 'yan tsaki, ƙwayar masara guda kuma tana ba da ɗaruruwan ƙwayoyi.

Inda Hadda Take Gazawa

Ɗalibai da yawa sukan haddace waɗannan siffofi domin jarrabawa su tsaya nan. To, amma bari mu gwada haddar a kan wutar daji da ke tashi a lokacin hunturu. Wuta tana cin ciyawa, tana bukatar oksijin, tana tafiya, tana girma, tana fitar da hayaƙi da toka, har tartsatsinta ya haifi wata wutar a gaba. Duk da haka ba ta da rai. Alfadari kuwa, wanda ake samu daga jaki da goɗiya, galibi ba ya haihuwa, amma babu mai musun cewa yana da rai.

Haka nan busasshiyar ƙwayar masara: ba ta motsi, ba ta girma, ba a ganin tana cin komai. A ido ba ta da bambanci da tsakuwa. Sai dai a cikinta akwai ɗan ƙaramin tsiro da ke kwance, ayyukan jikinsa sun yi ƙasa ƙwarai, yana jiran ruwa da ɗumi da iska. Kifin nan gaiwa ma haka yake yi: idan tafki ya ƙafe, sai ya binne kansa cikin laka ya yi watanni har ruwa ya dawo. Irin wannan jira yakan yi tsawo mai ban mamaki. A shekarar 2005, masana sun shuka wani ƙwallon dabino da aka tono a kangon Masada, kusa da Tekun Gishiri a Gabas ta Tsakiya, wanda ya kai kimanin shekara 2,000, ya kuma tsiro. Ke nan siffa guda ba ta isa hujja ba. Sai an duba su a haɗe, an kuma duba abin da ke ƙarƙashinsu.

Ƙwayar Halitta da Gado

Abubuwa biyu ne wuta ba ta da su. Na farko shi ne ƙwayar halitta. A shekarar 1665, Robert Hooke na ƙasar Ingila ya duba ɓawon wata bishiya da madubin ƙara girman abu, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. A 1838 da 1839, Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duka daga irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. Jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu, alhali bakteriya ƙwaya ɗaya ce tak.

Na biyu shi ne gado. A da, mutane sun ɗauka cewa ruɓaɓɓen nama ne da kansa ke rikiɗa ya zama tsutsa. A 1668, Francesco Redi na Italiya ya sa nama a tulunan gilashi, ya rufe wasu, ya bar wasu a buɗe. Tsutsa ta fito ne kawai a naman da ƙuda ya sauka ya yi ƙwai. Wato mai rai daga mai rai yake fitowa, kuma yana gadon kamanninsa ta hanyar sinadarin da ake kira DNA. Shi ya sa masara ba ta taɓa haifar dawa. Wuta kuwa ba ta gadar wa 'yarta komai.

Akwai abin da ke kan iyaka, wato bairos, irin wanda ke kawo ƙyanda ko cutar korona da ta game duniya a 2020. Yana da sinadarin gado, amma ba ƙwayar halitta ba ne, kuma ba ya hayayyafa sai ya shiga ƙwayar wani mai rai. Saboda haka masana da yawa ba sa lissafa shi cikin cikakkun masu rai.

Gwaji a Aji

A Rigachikun ne hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, take, wadda aka kafa a 1976 domin inganta aikin koyarwa. Ga malamai, albishir shi ne wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje. A ƙirga ƙwayar masara 100 daga irin da za a shuka, a jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa. A yi wa wasu ƙwayoyi 100 da aka soya haka nan. A riƙa yayyafa ruwa kullum, ba tare da an bari ya kwanta ba. Bayan kwana 7 a buɗe a ƙirga. Soyayyun ba za su tsiro ba, domin zafi ya kashe ƙwayoyin halittarsu. Adadin da ya tsiro a tsumman farko kuwa shi ne kashi nawa cikin ɗari na irin ke iya tsirowa.

Sa'an nan a zuba masu tsirowar a kwalba mai faɗin baki, a rufe ta kwana ɗaya ko biyu. Idan aka buɗe aka zura kunnanniyar ashana a hankali, za ta mutu nan take, domin ƙwayoyin sun shanye oksijin ɗin da ke ciki, sun maye gurbinsa da kabon dayoksaid. Ɗalibi ya ga numfashin tsiro ke nan da idonsa.

Ɗalibin da ya yi wannan gwaji a gida kafin ruwan shuka, ba amsar jarrabawa kaɗai ya samu ba. Yana iya gaya wa mahaifinsa ko irin da ke rumbu ya cancanci a kai shi gona, ko kuwa gara a nemi wani tun da sauran lokaci.