Rauni da Bangon Laka

A Agadas, kafin hadarin farko ya taso daga duwatsun Abzin, za ka ga maigida yana zagaya bayan ɗaki, yana shafa bango da tafin hannu. Tsaga yake nema. In ya tarar ƙarƙashin indararo ya zaizaye, sai ka ji ya ce, "Nan akwai rauni." Ba rushewa yake nufi ba. Cewa yake a kwaɓa laka.

Kalmar nan baki biyu gare ta. Yaron da ya faɗo daga babur ya ji rauni, ga jini kowa na gani. Amma tsohuwa tana da raunin gani, murya takan yi rauni in kuka ya zo wuya, malamai kuma su ce hadisi kaza mai rauni ne. Ina ganin Bahaushe ya haɗa ciwo da rashin ƙarfi a kalma guda ne don ya lura da ruwa: ba ko'ina yake cin bango ba, inda ya samu laushi nan yake shiga. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2009, da ruwan koramar Telwa ya afka wa gari cikin dare, sun san haka.

Dubi hasumiyar babban masallaci. Mita 27 ce, laka zalla, an sake gina ta a 1844, tana cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Itatuwan nan da suka leƙo daga jikinta, a kansu magina ke takawa in za su yi yaɓe. Wanda ya gina ta ya san tana da rauni, shi ya sa ya bar wa masu gyara wurin sa ƙafa.

Don haka raina yakan ɓaci in na ji ana faɗin "masu rauni" kamar ana cewa kasassu, ko marayu ne, ko baƙin da aka koro daga Aljeriya ta Assamaka.

Da mijin gwaggona ya rasu, bayan ta fita takaba, ta kira ni ta ce, "Ɗana, yanzu ina da rauni, ku riƙa leƙo ni." Ko kaɗan ba ta ji kunyar faɗa ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci nakan biya, in same ta a tabarma tana tsince gero, ta miƙo mini faifai in taya ta.