KAREN GADI IN IDONSA YA FARA DUSHEWA

A unguwar Gama, cikin Nassarawa ta Kano, akwai magidanta masu kiwon awaki da kaji a gida, kare kuwa shi ne mai gadinsu da dare. Amma da ya fara karo da turmi ko bango, sai a ce ya tashi aiki, a kora shi bola. Wannan kuskure ne, kuma hasara ce. Da hanci da kunne kare yake gadi fiye da ido, makahon kare ma yakan ji motsin ɓarawo tun maigida yana minshari.

Abu na fari shi ne gwaji. Mutum ya saki ɗan curin auduga a gaban fuskarsa. Auduga ba ta ƙara in ta faɗi, saboda haka in bai bi ta da kallo ba, gani ya ragu ke nan. To, sai a kai shi asibitin dabbobi, kamar na Gwale, ba tare da jinkiri ba, domin ba kowace makanta ce ta tsufa ba. Sammore, watau cutar da ƙudan tsando ke kawowa, yakan sa idon kare ya yi fari, musamman karen farauta da aka shiga dazuzzukan kudu da shi. Cutar kaska ma takan taɓa ido. Waɗannan biyu suna da magani in an yi hanzari. Yanar ido kuwa, ta tsufa ko ta ciwon sukari, ɗigo ba ya wanke ta, sai aiki. Kada a sa masa tozali ko ruwan ganye.

In gani ya riga ya tafi, sauran aiki na mutanen gida ne. Kare yana haddace tsakar gida kamar yadda makaho ke haddace hanyar kasuwa, don haka kwanon ruwansa da makwancinsa su zauna wuri guda. A rufe bakin rijiya, a kawar da garma da lauje, kada a bar shi ya fita titi. Yara su kira sunansa kafin su taɓa shi, domin firgita ke jawo cizo. Sa'an nan kada a fasa yi masa allurar haukan kare kowace shekara, irin wadda ake sarrafawa a Vom, inda aka kafa ma'aikatar binciken cutar dabbobi a 1924.

Dabbar da ta shekara da shekaru tana tsaron dukiyar mutum ba ta cancanci bola ba ranar da idonta ya gaza. Allah ya sa albarka cikin kiwo, amin.