Marsiya da Waƙoƙin Ziyarar Kaburbura na Ƙasar Sin

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo daga Fagge ya nufi Kantin Kwari, a kan sunan mamaci yake tafiya. Kanar Ibrahim Taiwo shi ne gwamnan soja na Jihar Kwara wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu, 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammad. Hukuma takan tuna da matattu ta hanyar raɗa wa titi suna, mawaƙi kuwa da baitoci yake nasa tunin. Sinawa ma, waɗanda atamfofinsu suka cika wannan kasuwa, suna da daɗaɗɗun waƙoƙin tuna magabata. To, ko ya dace manazarci ya kira su marsiya?

A ƙasar Sin akwai ranar da ake kira Qingming, wadda takan faɗo wajen 4 ko 5 ga Afrilu. A ranar iyali kan fita su share kaburburan kakanninsu, su ajiye abinci, su ƙona turare. Mawaƙan daular Tang (618-907) da na Song (960-1279) sun yi waƙoƙi masu yawa game da ita. Mafi shahara ita ce wadda ake danganta wa Du Mu (803-852), mai ɗango huɗu kacal, kowane ɗango gaɓa bakwai. Su Shi kuma ya rubuta nasa a 1082 yana zaman gudun dole a Huangzhou, nesa da kaburburan iyayensa.

A nan ne fassara takan yi tuntuɓe. Akan kira wannan lokaci “bazara”, alhali bazarar Kano zafi ce da ƙishirwa da busasshiyar ƙasa. A can kuwa sanyi ne ya wuce, yayyafi ya soma, itatuwa suna toho. Ƙarfin waƙoƙin duka yana cikin wannan saɓani: komai yana farfaɗowa ban da wanda ke kwance a ƙasa. In Bahaushe zai ji ɗanɗanonsu, sai ya tuna da farkon damina, ranar shukar farko a gonar gado bayan rasuwar mai gonar.

Marsiya ba ta jiran wani lokaci na shekara. Mutuwar wani takamaiman mutum ce ke haifar da ita. Nana Asma’u (1793-1864) ta yi wa ɗan’uwanta Muhammadu Bello marsiya bayan rasuwarsa a 1837, ta kuma yi wa mijinta Giɗaɗo. Zubin irin waɗannan waƙoƙi sananne ne: mabuɗi da yabon Allah da salati, sa’an nan jero kyawawan halayen mamaci, sai dangana da addu’ar gafara. Baƙin cikin yana da linzami, domin raki haramun ne. Mawaƙin Sin kuwa sau da yawa ba ya ko ambaton sunan mamacin. Kansa yake dubawa, da tsufansa, da nisansa da gida, ya bar kewar yadda take ba tare da lallashi ba.

Saboda haka kiran waɗannan waƙoƙi marsiya kuskure ne. Ta fuskar jigo sun fi kusa da waƙoƙin bege da na kewar gida, sai dai abin begen nasu kabari ne wanda mai waƙar ya kasa zuwa sharewa.