Yadda Ake Haɗa Na'urar da Ke Fassara Saƙon Mos

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo a kan gajeren zango da daddare wataƙila ya ci karo da wani ɗan fito mai yankewa, ti-ti-tii, ti-tii, ya wuce abinsa yana zaton rediyon ce ta samu matsala. Sau da yawa wannan fiton magana ce. Wani mutum ne a wata ƙasa yake zaune gaban na'urarsa yana danna ɗan makunni, yana aika haruffa ɗaya bayan ɗaya. A wannan makon za mu ga yadda ɗalibi zai haɗa 'yar na'ura da za ta saurari fiton, ta rubuta masa abin da ake faɗa a allo.

Sunan wannan tsari Mos, daga sunan Ba'amurken nan Samuel Morse, wanda shi da abokin aikinsa Alfred Vail suka aika saƙo ta wayar tangaraho daga Washinton zuwa Baltimo ranar 24 ga Mayu, 1844. Daga baya aka gyara tsarin a Turai, ƙasashe suka amince da shi a taron Paris na 1865. Manyan jiragen ruwa sun daina dogara da shi wajen neman agaji tun 1999, amma masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke karɓar lasisi su kafa 'yar tasha a gida don hira da gwaje-gwaje, har yau suna riƙe da shi. Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne: inda murya ta nutse cikin hayaniya, fiton Mos yakan ratsa ya isa. Kowace tasha tana da lambar kira. Ta Nijeriya takan fara da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G.

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, sai an fahimci cewa Mos lissafin lokaci ne. Sauti iri biyu ne kawai, gajere da dogo, mu kira su ɗigo da layi. Idan tsawon ɗigo awo ɗaya ne, layi awo 3 ne. Shirun da ke tsakanin sautuka a cikin harafi ɗaya awo 1 ne, tsakanin harafi da harafi awo 3, tsakanin kalma da kalma awo 7. Harafin E ɗigo ɗaya ne, T layi ɗaya, A ɗigo da layi, N layi da ɗigo. Ana auna sauri da yawan kalmomi a minti ɗaya, kuma kalmar da ake awon da ita ita ce PARIS, saboda tana cin awo 50 cif. Daga nan aka samu wata dabara mai sauƙi: raba 1200 da saurin, abin da ya fito shi ne tsawon ɗigo a milisakan. Mai aika kalma 20 a minti, ɗigonsa milisakan 60 ne, layinsa 180. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Zuciyar na'urar wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ce da ake kira maikurokontrola. Mafi sauƙin samu ita ce ta kan allon Arduino Uno, mai suna ATmega328P. Ba kwamfuta ba ce irin ta ɗakin kwamfutarmu; wurin ajiyar aikinta kilobait 2 ne kacal, ko hoto ɗaya na wayar salula ba zai shiga ba. Amma ga wannan aiki ta isa har da saura. Sai a nemi ɗan allon rubutu mai layi 2 da gurbin haruffa 16, rizista biyu masu ƙarfi ɗaya (10k ya yi), kafasita ɗaya, wayar iyafis da aka yanke, da allon gwaji mai huji-huji wanda ba ya buƙatar dalma.

Ga inda masu farawa suke faɗuwa. Sautin da ke fitowa daga rediyo lantarki ne mai lilo, yana hawa sama da sifiri yana sauka ƙasa da shi. Ita kuwa ƙafar Arduino da ke auna lantarki, daga bolt 0 zuwa 5 kawai take ganewa, tana mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Abin da ya sauka ƙasa da sifiri ba ta ganinsa, idan ya yi yawa ma yana iya lalata ta. Maganin shi ne a jera rizista biyun nan tsakanin bolt 5 da ƙasa, a ɗauki tsakiyarsu a kai ƙafar A0. Wurin zai tsaya a bolt 2.5, wato wajen lamba 512. Sai a shigo da sautin ta cikin kafasita, ya riƙa lilonsa a kewayen 512 ɗin. Rizista biyu ne kawai, amma idan babu su rabin sautin ya tafi.

Tambaya ta gaba: ta yaya na'urar za ta san fito ne ta ji, ba tsawa ko shuuu ɗin rediyo ba? Idan aka ce ta ɗauki duk wata ƙara a matsayin saƙo, allon zai cika da E da T marasa ma'ana, domin su ne haruffa masu sauti ɗaya. Abin da ke ceton mu shi ne fiton Mos yana da murya guda, yawanci tsakanin girgiza 600 zuwa 800 a sakan. Akwai wata hanyar lissafi da Gerald Goertzel ya wallafa a 1958, wadda ake ba ta tarin lambobi a tambaye ta abu ɗaya tak: nawa ne ƙarfin murya kaza a cikin wannan tarin? Irin lissafin da ake gane maɓallin da mutum ya danna a tarho da shi ke nan. Kamar uwa ce a tsakiyar kasuwa. Duk hayaniyar da ake yi, kukan ɗanta take ji.

A aikace, Arduino tana iya auna sautin kimanin sau 9,600 a sakan. Idan ta tara awo 96, ta saurari milisakan 10 ke nan, kuma faɗin kunnenta zai zama kamar girgiza 100. Sai a saita ta a kan 700, a murɗa rediyon har fiton ya faɗo daidai wurin. Akwai ciniki a nan. Idan ka ƙara yawan awon, kunnen zai ƙara tsukewa ya fi tace hayaniya, amma na'urar za ta yi nawa, gajerun ɗigo su wuce ta. Idan ka rage, za ta yi sauri amma ta kwaso shara. A ganina 96 ya dace da mai koyo, tunda ɗigon milisakan 60 zai samu saurare har sau 6. Wanda lissafin ya yi wa nauyi yana iya sa wani ɗan guntun lantarki mai suna LM567 ya yi masa wannan tacewar, sai dai shi da hannu ake saita shi.

Da zarar an san lokacin da fito ya fara da lokacin da ya tsaya, saura awo. Sautin da bai kai awo 2 ba ɗigo ne, wanda ya wuce layi ne. Shirun da ya wuce awo 2 yana nufin harafi ya ƙare. Wanda ya wuce awo 5, kalma ta ƙare, a bar fili. Duk abin da bai kai milisakan 15 ba kuwa a watsar, tartsatsi ne.

Yadda ake gano harafin shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Ba sai na'urar ta bi jerin haruffa tana kwatantawa ba. Za ta fara da lamba 1. Idan ɗigo ya zo, ta ninka lambar sau biyu. Idan layi ne, ta ninka sau biyu ta ƙara ɗaya. Mu gwada K, wato layi, ɗigo, layi: 1 ya zama 3, 3 ya zama 6, 6 ya zama 13. Babu wani harafi da zai ba da 13 sai K. Haka E ke zama 2, T 3, I 4, A 5, N 6, M 7, S 8, U 9, R 10, O 15. Sai a jera haruffan a ajiya, kowanne a gurbin lambarsa, na'urar ta miƙa hannu kai tsaye ta ɗauko. Kalmar KANO a wurinta 13, 5, 6, 15 ce. Gurbi 64 sun ɗauke duka haruffa da lambobi. Abin takaici, ɓ da ɗ da ƙ ba su da gurbi a tsarin duniya, don haka "ƙasa" da "kasa" iri ɗaya za su fito, sai mai karatu ya raba da hankalinsa.

To, duk wannan a kan takarda lafiya lau yake. Matsalar ita ce mutane ba inji ba ne. A ce na'urar ta saba da mai aika kalma 10 a minti: ɗigonsa 120, iyakar da ta sa tsakanin ɗigo da layi 240. Sai wani gwani ya shigo da kalma 25 a minti: ɗigonsa 48, layinsa 144. Tunda 144 bai kai 240 ba, duk layukansa ɗigo za ta ɗauke su, shirun tsakanin haruffansa ma ba za ta lura da shi ba, komai ya cakuɗe. Dole a koya mata bin sawun mai aikawa. Hanya ɗaya ita ce ta riƙa kwatanta sautuka biyu da ke jere. Idan ɗaya ya ninka ɗayan fiye da sau biyu, ta san ta samu ɗigo da layi, sai ta gyara awonta da su. Haka ma ƙarfin sauti: saƙon gajeren zango yana dusashewa yana dawowa saboda canjin sararin sama, don haka iyakar ƙarfin da take kira fito ita ma sai ta riƙa hawa da sauka. Duk da haka, mai aikawa da hannu wanda ke jan layinsa ko yake manne haruffa zai rikita ta, alhali gogaggen kunne zai karanta shi ba wahala.

Shawarata, kada a fara gwaji da rediyo. A sa manhajar koyon Mos a waya, ta fitar da fito mai tsabta a kan 700 da saurin kalma 12, inda ɗigo yake milisakan 100 daidai. Idan allon ya rubuta daidai, a ƙara sauri. Bayan nan a nemi saƙon gaske a farkon zangon mita 40, daga 7.000 megahaz, ko na mita 20, daga 14.000. Rediyon gida ta yau da kullum sau da yawa ba ta fitar da fiton sosai, sai mai saitin CW ko SSB. Wanda ba shi da ita, Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan tana da rediyon da kowa ke iya murɗawa ta intanet. Abin da za ku fi gani shi ne CQ, kiran duk mai saurare, sai DE, ma'ana "daga", sannan lambar tashar, a ƙarshen hira kuma 73, gaisuwar sallama. Aikawa kam sai da lasisi. Mu namu saurare ne.

Ga aikin gida. Wanda ya fara kawo wa ƙungiyar 'yan jarida fassarar wannan kalma kafin taron Juma'a, za mu rubuta sunansa a bugu na gaba:

— · — / · — / · — · / · — / — / · · —