Kalmar "Sirri" da Matsalar Tsaron Asusu a Waya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar matsala ta ma'ana, wadda a ganina ta ke jawo wa mutane hasarar dukiya. Tun da hada-hadar kuɗi ta koma cikin waya, an yi ta jan kunnen jama'a da cewa kada su ba kowa "lambar sirri". Jan kunnen daidai ne, amma ina shakkar kalmar da aka zaɓa.

Mu fara da "lamba". Mai asusu a Nijeriya yana riƙe da lambobi iri-iri. Akwai lambar asusu mai alƙaluma 10, wadda dole ya bayar idan za a aiko masa da kuɗi. Akwai BVN mai alƙaluma 11, wadda Babban Banki ya fito da ita a 2014. Akwai PIN ta kati mai alƙaluma 4. Sa'an nan akwai wadda banki ya kan turo ta saƙo lokacin ciniki, watau OTP, wadda ba ta aiki sai sau ɗaya, ta kuma mutu bayan 'yan mintuna. Duk waɗannan Bahaushe "lamba" ya ke ce musu. To, wanda ya saba bayar da ta fari kullum ba tare da wata illa ba, yaya zai gane ta ƙarshe wuta ce?

Ita kuwa "sirri" daga Larabci muka aro ta, ita da 'yar'uwarta "asiri". A Hausa, sirri ba abin da ba a faɗa wa kowa ba ne. Abu ne da a ke ɓoye wa baƙo, a gaya wa amini; shi ya sa mu ke cewa "abokin sirri". Mazambaci kuwa ba shi da aiki sai ya mai da kansa aminin nan. Ya kan buga waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, ya kira mutum da cikakken sunansa, ya gaishe shi cikin ladabi, Alhaji ko Hajiya, sa'an nan ya ce za a rufe asusunsa yau idan ba a gyara BVN ba. Sai ya nemi lambobin da ke jikin kati. Da su ya ke fara cinikin, bankin gaskiya kuwa ya turo OTP zuwa wayar mai asusu. Daga nan ba abin da ya rage sai mai asusu ya karanta masa ita da bakinsa. Ba a fasa wata na'ura ba. Magana kawai aka yi.

Har wa yau akwai wani abin lura. Saƙon banki ya kan zo da gargaɗin kada a nuna wa kowa lambar, amma galibi da Turanci. Ɓarawon kuwa da Hausa ya ke magana, Hausa mai daɗi. Ga kuma kunya, wadda ba ta barin dattijo ya katse wa mai ladabi waya. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta mai laifin, amma sai bayan kuɗi sun tafi.

Shawarata ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce a raba sunayen tun a aji. Lambar asusu a kwatanta ta da adireshin gida, wanda a ke ba mai kawo saƙo. PIN a ce mata "mabuɗi", OTP kuma "mabuɗin sau ɗaya", domin ba mai miƙa wa baƙo mabuɗin ɗakinsa, kome ladabinsa. A kuma koya wa ɗalibai cewa banki ba ya tambayar mabuɗi ta waya, wanda ya tambaya a katse, a je reshe a bincika. Na sani wasu za su ce "lambar sirri" ta riga ta zauna a bakin jama'a, kuma gaskiyarsu ne. Ban ce a kore ta ba. Sai dai ina roƙon masu koyarwa su gwada kalmomin biyu a azuzuwansu, su rubuto wa wannan sashe wadda ɗalibai suka fi saurin fahimta.